Wutar Inno Ta Haye Gulbi

"... da ruwa kuma, amarya? Na ishe ki lahiya, ko kin jiƙe kin narke?"

"Lahiya lau, mijin banza. Gishiri nike da za ni narkewa? Sannu da zuwa, kai da akwatinka mai tari."

Na'Allah ya kashe injin, ya dira cikin taɓo, ya ɗaure ɗan jirgin a saiwar tsamiya, gaba da baya. Zuwansa na huɗu ke nan tun safe. Daminar nan ce da gulbi ya yi fushi, shekara bakwai da dawowar sojoji daga Barma, ruwa ya kewaye 'yar tungarsu ta bayan Lambara ya mai da ita tsibiri. Baturen gona yana da wani ɗan jirgin ruwa mai inji a gindi, wanda aka ɗauko daga Sakkwato a bayan mota aka ratsa da shi ta Bodinga, don ya riƙa duba fadamun shinkafa. Da ruwa ya yi yawa sai ya ce a kwashe mutane da shi a kai su tudun Shagari. Na'Allah ne matuƙin, don a soja ya koyi inji, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka.

Ya kwashe maza, ya kwashe mata, ya kwashe awaki har da kaji. Saura rai ɗaya, Inno Dije, kakarsa, wadda ta haifi uwarsa, ta kuma raine shi bayan uwar ta rasu yana ɗan wata biyu. Sau uku yana roƙonta ta shiga, sau uku tana cewa ba ta gama shiri ba. Ga ta nan dai zaune a kan kifaffen turmi, kayanta kewaye da ita. Ita da Na'Allah kuwa, tun da ya iya magana ba su taɓa gaisawa sun rabu lafiya ba. Ita ta ce masa miji, shi ya ce mata amarya, kowa yana kuka da rabon da Allah ya ba shi.

"Ruwa ya taɓa ƙahwahun rumbu, Inno, ga hadari can gabas shina haɗuwa. Wanga shi na zuwan ƙarshe. In kin ƙi, in tahi Shagari in samo wata mai haƙora."

"Wace mai haƙora za ta dube ka? Mutum shina warin kananzir tun daga nesa, ko ƙuda ba shi sauka kanka."

"Hetur aka ce mai, ba kananzir ba."

"Dut wari na."

"Wanga wari shi yak kwashe garinku kakaf yau. Ni na Sarkin Ruwa yanzu. Bature da kai nai, in ya gan ni sai ya cire malahwa."

"Hihita shika yi da ita, kada warin shi kashe shi."

Sai kuwa ta miƙe. Ta bar masa tabarma da turmi da babban masakinta da ƙullin auduga, ta rungumi wata tsohuwar tukunyar ƙasa da aka rufe bakinta da jiƙaƙƙen tsumma, ta taka zuwa jirgin da ƙafarta, ba ta ko nemi a kama mata hannu ba. Ta zauna a tsakiya, ta ajiye tukunyar tsakanin ƙafafunta, dab da garwar fetur. Tsohuwar da ta cinye masa rabin yini da gardama ta shiga jirgi ba musu, ai ya kamata mutum mai hankali ya tsargu. Shi gogan naka murna ya yi.

"To, madalla. Yanzu hito."

"In mi?"

"Hito. Mai ya ƙare, za ni zuba wani. Ba a zuba mai da mutum cikin jirgi."

"Kai, ɗan nema! Tun sahe kana bi na da magiya in shiga, na shiga kac ce in hito? Haka Nasara sunka koya maka ɗaukar amarya?"

"Doka ta. A ɗaure jirgi, a kashe inji shi huce, kowa shi hita, kana a buɗe garwa."

"Jakin kakanka Sodangi, ina bisa nai aka ba shi dusa, bai taɓa cewa in sauka ba."

"Jaki ba shi kamawa da wuta in ya ci dusa."

"Naka dai ragon jaki na. Shi ci, shi yi tari, shi saki baƙar tusa, kuma ba shi haihuwa."

Na'Allah ya duƙa yana dariya zai ɗauki garwar, sai dariyar ta yanke. Warin mai ya san shi kamar sunansa. Wannan da ya bugi hancinsa daban ne, hayaƙin kandilo ne, busasshen kashin shanun da tsofaffi ke rufe garwashi da shi don ya kwana. Wani siririn hayaƙi ne yake sulalowa daga ƙarƙashin tsumman tukunyar, taki ɗaya daga fetur cike da garwa.

"Inno. Mi ag ga tukunyag ga?"

"Daddawa."

"Daddawa na hayaƙi?"

"Sabuwa ta, ba ta huce ba."

"Inno!"

"To, turare na nika yi maka, ko Allah shi sa a iya zama kusa da kai."

Ya sa hannu biyu ya ɗauki garwar a hankali, ya fita da ita, ya yi nisa, ya ajiye ta a inuwa, ya taɓa murfinta ya tabbatar a rufe yake. Sannan ya dawo ya ɗaga tsumman. Kasko ne a cikin tukunyar, cike da toka, a tsakiyar tokar garwashi ya buɗe jan idonsa yana kallonsa.

"Kin san abin da kinka zauna kusa da shi? Ba sai wuta ta taɓa man ba. Warin nai kaɗai, wanga da kika zagi tun ɗazu, shi ka kamawa. Kwantawa shika yi ƙasan jirgi, ba a ganin shi. Tartsatsi guda, da ni da ke da jirgin Bature, sai dai a tsince mu Shagari."

"Ai da mun isa da wuri."

"Ba wasa nika yi ba. A Barma na ga wani kofur, ƙato, ya ƙyasta ashana taki biyat daga inda aka zuba mai. Da gemu yat tashi da sahe, kahin azahar ..."

Bai ƙarasa ba. Ba gemu kaɗai kofur ɗin ya rasa ba, kuma wannan ne labarin Barma guda ɗaya da Na'Allah ba ya son bayarwa. Inno ta dube shi, ta gane. Amma ganewa daban, yarda daban. Ta ɗauki tukunyarta, ta fita daga jirgin, ta koma kan turminta ta gyara zama.

"To, tahi. Ka gai da mutanen Shagari."

"Haba, Inno. Wuta ta hwa, ba jinjiri ba. Zuba mata ruwa mu tahi. Gidan Kawu Nuhu can Shagari akwai murhu."

"Murhun Kaltume."

"Kaltume matar ɗanki ta. Hana ki za ta yi?"

"Ba ta hana ni. Da murna za ta ba ni, shi na abin." Ta ɗora tafin hannu a kan tukunyar. "Wutag ga daga murhun uwata niɗ ɗebo ta, Bodinga, ranar da anka kawo ni, tun Nasara ba su shiga Sakkwato ba. Shekara hamsin da 'yan kai ba ta mutu ba. Babu macen tungag ga da ba ta tsaya ƙohwata da sahe da kasko ba ta ce, Inno, sam mani wuta. Ni ko ban taɓa taka ƙohwar kowa da kasko ba, ko sau guda. Yau ruwa ya ci ɗakina, ya ci gerona. Za ni gidan ɗa, in kwana ɗakin da anka ba ni, in ci abin da anka ba ni. Kana so kuma gobe da sahe in tsaya ƙohwar matar ɗana in ce sam mani? Gara gulbi shi ishe ni nan."

Na'Allah ya san muryar nan. In Inno ta daina zagi ta koma magana a miƙe, to ko da igiya ba a jan ta. Ya dubi ruwan, ya ga ya cinye saiwar da ya taka ɗazu. Sai wata dabara ta zo masa, irin dabarar da mutum kan yi nadamarta nan take. Ya zura hannu a aljihun rigarsa ya zaro kwalin ashana, ya girgiza mata shi.

"Ba ki roƙon kowa. Ga wuta nan cikin kwali. Ki ƙyasta abinki duk sa'ad da kinka ga dama."

Inno ta ƙanƙance ido.

"Daga ina wagga tah hito?"

"Aljihu."

"Wane aljihu?"

"Na rigata mana."

"Rigar da za ka duƙa da ita bisa garwa?"

Gaskiyar magana, kullum kafin ya taɓa garwa sai ya zuba ashanarsa da tabarsa cikin hula ya ajiye a tudu. Yau tsohuwa ta ruɗa shi, ya manta sarai, da ba don bakinsa ya kai shi ba da da su zai zuba man.

"Sarkin Ruwa!" Inno ta tafa hannu. "Ashe dokar ta tsohi ta kaɗai! Ni da kasko guda anka tara mani Barma, shi ko da wuta tsinke arba'in bisa ƙirji nai. Miƙo."

"Da ma yanzu za ni aje ta."

"Miƙo, nic ce. Da tabar."

Ya miƙa, yana sosa ƙeya. Ta ƙulle su a haɓar zanenta, ƙulli biyu.

"Kuma ka ji, wagga wutar ƙarya ta. Ba ta da uwa, ba ta da uba, kahin ka ce bisimilla ta mutu." Muryarta ta sauka. "Da wutag ga nid dahwa ma Safinatu ruwan wanka kwana arba'in, sa'ad da tah haihe ka. Da ita nid dama maka kunu sa'ad da babu nono. Ba ni da zanenta, ba ni da ko tasa guda tata. Amma wagga ta san ta."

Na'Allah bai san fuskar uwarsa ba, kuma rabon da ya ji an kira sunanta a gabansa har ya manta. Tausayi ya kama shi, har ya ji kunyar kwalin da ya girgiza mata. Ya dubi hadarin, ya dubi jirgin, ya dubi tarkacen kayanta. Idonsa ya tsaya a kan masakin nan babba da take wanke gero a ciki, da ragayarsa ta igiya da ake rataye shi da ita.

"To, amarya, tashi. Ke da wutarki ku hau shurin can, taki talatin, gehe guda, inda iska ba ta kai maku wari, ba ta kawo mani tartsatsi. In na gama mu yi shawara."

"Ba ni kashe ta."

"Wa yac ce ki kashe ta? Ni da anka dama ma kunu da ita? Tashi, ki ƙirga takin da kyau, kada ki cuce ni."

Ta ƙirga da ƙarfi don ya ji, ta tsallake daga sha biyu zuwa ashirin, ya mai da ita. Da ta kai talatin ta zauna a kan shurin, ta ɗora tukunyar a cinya, ta zuba masa ido. Wanda bai taɓa aiki Inno tana kallo ba bai san wahala ba.

Ya fara kai bayan hannunsa jikin injin.

"Ji tausasawa! Ni ko sannu ban samu ba, ƙarhe aka lallashi."

"Ji nika yi ko ya huce. Ke ba ki hucewa, shi ya sa."

Ya buɗe garwar a can tudu inda take, ya tsiyaya man a ɗan gwangwani, ya rufe ta ruf, sannan ya kawo gwangwanin jirgi. Ya kwance murfin tankin da ke kan injin, ya kafa mazurari a bakinsa, ya soma zubawa kaɗan-kaɗan.

"La ilaha! Ɗura kaka yi mai? Haka niy yi maka kana jinjiri, kana harbin iska, kana mai da mani rabi bisa zane."

"Shi ba shi amai, don ba ni cika mai ciki. Sai a bar yatsa biyu. In rana ta buge shi, mai kumbura shika yi."

"Ashe ya hi ka hankali. Kai sai ka ga gindin akushi."

"Akushin wa? Tuwonki da aka jihwar kare da shi?"

"Shi yat tada ka har kat tahi yaƙi. Da tuwon wata kac ci, da iska ta ɗauke ka tun Zariya."

Garin amsa mata sai hannunsa ya goce, ɗigo uku suka zuba a kan katakon jirgin. Ya tsaya cak, ya ajiye gwangwanin, ya rufe tankin, ya ɗauko tsumma ya goge wurin har ya bushe. Tsumman ma bai bar shi cikin jirgi ba, ya fita da shi ya binne a ɗanyen yashi, ya cuɗa hannuwansa da yashin har gwiwa ya wanke.

"Har da goge mai baki! Saura ka goya shi."

"Ke kinka sa niz zubar. Bakinki ya hi tartsatsi."

Ya kai garwar can goshin jirgi, nesa da inji, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Sannan ya durƙusa ya kai hancinsa ƙasan jirgin, yana bin kusurwa-kusurwa yana sansanawa.

"Mi kaka nema, ɓera?"

"Wari nika nema. Sai ya hita sarai kana a tada inji."

"To, kai ma sai ka hita, in ba haka ba nan za mu kwana."

Da ya tabbatar iska ta kwashe warin, ya loda kayanta, ya bar masakin. Ya zuba masa ɗanyen yashi a gindi don kada ya kife, ya je shurin ya karɓi tukunyar daga hannunta, da kyar ta sake ta, ya dasa ta tsakiyar yashin. Ya cire tsumman, ya kifa tsingaro a bakin tukunyar ya bar 'yar ƙofar iska. Ya sa masakin cikin ragayarsa, ya ɗaura masa igiyar gugan rijiyar gidan, gaba goma, ɗaya bakin igiyar kuma ya ɗaure a kan sandar Inno.

"Wutarki ba ta shiga jirgina. Jirginta daban, tana bin mu daga baya. Ke za ki riƙe sanda, ki miƙa ta gehe, kada igiya ta shiga hwarhelar inji da ka juyawa cikin ruwa."

"Masakina na aure za ka jehwa gulbi?"

"Kabawa ƙatta na kwantawa bisa gora su haye gulbi, balle kasko."

"In ta mutu hwa?"

"In ta mutu ki sake ni."

"Na daɗe da sakinka, kai kaƙ ƙi tahiya."

Ta faɗi haka, amma muryar ta yi rawa. Na'Allah ya ji, ya yi kamar bai ji ba.

Ya shigar da ita, ta zauna tana fuskantar baya. Ya kwance jirgin, ya tura masakin ya yi nisa, sannan ya naɗa igiyar tada inji ya ja. Injin ya yi tari ya yi shiru. Ya sake ja, ya sake tari.

"A dama mai kunun kanwa," in ji Inno.

A ja na uku ya kama. Suka bar tungar a hankali, tafiyar da Na'Allah bai taɓa yi wa ko Bature ba. Igiya ta miƙe, masaki ya biyo su yana rangaji, siririn hayaƙinsa yana tashi. Inno ba ta ko dubi ɗakinta da ruwa ya shiga ba. Idonta yana kan hayaƙin, tana yi masa magana.

"Sannu, 'yar Bodinga. Yi haƙuri, matuƙin na ba shi da kirki. Ka ga yadda taka tahiya da natsuwa? Koyi, Sarkin Ruwa."

"Ku biyu dai na ɗauko, guda na hayaƙi, guda na tartsatsi."

A tsakiyar gulbi, inda ruwa yake da ƙarfi, iskar hadarin ta iso. Masakin ya juya sau biyu, ya karkata, wata igiyar ruwa ta mare shi a gefe ta fantsama ciki. Wani farin tururi ya tashi fuu, ya baje. Daga nan babu hayaƙi.

Inno ta ƙura wa masakin ido. Na'Allah ba shi da ikon tsayawa a tsakiyar ruwan nan, ba shi kuma da ikon jawo masakin kusa da fetur. Sai ya riƙe inji da hannu biyu ya nufi tudu.

"Barci taka yi, Inno. Amare haka suka yi in an kusa gidan miji."

Shiru.

"Ko kunyar mutanen Shagari taka ji."

Ba ta amsa ba. Tun da aka haife shi bai taɓa jefa mata magana ta faɗi ƙasa ba sai yau, kuma ya gane gara masa zaginta sau dubu.

Mutanen tungar suna tsaye a tudun Shagari tare da 'yan gari, Kawu Nuhu da matarsa Kaltume suna daga can sama da tabarma a hannu. Kowa ya yi tsuru yana kallon jirgin Bature yana jan masaki. Na'Allah ya kashe inji, ya ɗaure jirgi, ya fitar da Inno. Ya shiga ruwa har ƙugu ya ɗauko masakin a ka, ya haura da shi nesa da jirgin, ya sauke a gindin wata kuka inda jikinta ya tare iska. Ya ɗaga tsingaron. Tokar ta jiƙe ta yi baƙi.

Inno ta daɗe tana kallo. Sannan ta kwance haɓar zanenta, ƙulli biyun nan, ta miƙa masa kwalin ashanar a ɓoye.

"Ungo. Ƙyasta ta Nasara. Yi maza kahin Kaltume ta iso."

"Aje wutar da ba ta da uwa."

Ya durƙusa. Ya kwashe jiƙaƙƙiyar tokar da yatsa, ya tona, ya ƙara tonawa har ƙasan kaskon. Can ya taɓo wani ɗan dunƙulen kandilo, baƙi ƙirin, amma da ɗumi. Ya fasa shi biyu a hankali, ya kai bakinsa ya hura. Busasshiyar tokar ƙasa ta tashi ta bule masa fuska. Ya hura, ya yi tari, ya sake hurawa, har kansa ya fara juyawa. Sai ga wani ɗan ja, bai fi ƙwayar gero ba.

"Auduga, Inno! Auduga!"

Tsohuwar da ɗazu sai da aka fitar da ita daga jirgi ta kai ga ƙullinta da gudu, ta yago 'yar audugar kaɗinta ta miƙa masa. Ya ɗora, ya hura a hankali, a hankali. Audugar ta yi baƙi, ta yi ja, hayaƙi ya miƙe. Ya karya sauran kandilon ya jera a kai, ya ɗago kansa.

Inno ta dube shi, sai ta fashe da dariya, hawaye yana bin kumatunta, ba ta ko share ba. Toka ta rufe masa gira da gashin baki da gaban kai, fari fat.

"Jama'a, ku zo ku gani! Hurhura ta hito mai gaba ɗai! Yanzu kam mun dace. Na yarda da auren, na mai da kai ɗakinka."

"Wa yac ce ina so? Na ga masu haƙora can sama."

"Su gan ka haka su gudu. Ungo, tsoho." Ta ɓare goro ta ba shi rabi, ta duba, ta ƙara masa da ɗaya rabin. "Ka iya. Kai da akwatinka kun iya."

Na'Allah ya jefa goron a baki.

"To, ba ni tabata."

Ta ba shi.

"Ashana hwa?"

"Wace ashana? Wadda kac ce in aje? Na aje." Ta mai da kwalin haɓar zane ta ƙulle. "Mai son wuta ya san yadda aka yi."

Ya dubi mutanen da suka kewaye su, ga Kawu Nuhu, ga Kaltume da ta iso tana sannu da zuwa. Ya gane abin da tsohuwar take so, kuma ya ga bai fi ƙarfinsa ba. Ya cire hularsa, ya tsuguna a gabanta, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Salamu alaikum. Inno, sam mani wuta."

Inno ta gyara zama a gefen masakinta, ba ta ko sauke kayanta a garin mutane ba an zo ɗibar wuta wurinta. Ta ɗauki tsingaro za ta ɗebo masa, sai ta tsaya, ta hangi jirgin a bakin ruwa, ta auna da ido.

"Taki nawa tsakaninmu da akwatin can?"

"Talatin cif."

"Ƙara biyat," in ji ta, tana miƙa masa garwashin. "Kai warinka daban na."